Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da Aka Rufe Twitter

Makon jiya na tsaya a inda Maigida ya ware mini tebur a bakin shagonsa da ke kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, bayan shekarun da na yi ina miƙa masa sukudireba da gam. Ban daɗe da zama a teburin ba sai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, a farkon watan Yunin 2021, bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Buhari. Mu masu gyaran waya kuwa kakarmu ce ta yanke saƙa. Samari suka yi ta tururuwa a sa musu manhajar VPN don su ci gaba da shiga Twitter, wasu ko ma'anarsa ba su sani ba, sun dai ji an ce da shi za ka nuna kana Jamus alhali kana zaune a Tarauni. Ɗari biyu nake karɓa, in na ga mutum da babbar riga in ce ɗari biyar.

Maigida bai ji daɗin wannan cinikin ba. Kullum maganarsa ɗaya: "Da ni ne, har Facebook ɗin zan haɗa in rufe. Waya ce ta lalata tarbiyyar yaran nan." Ba a musu da wanda ya koya maka sana'a, sai in ce, "Haka ne, Maigida," in ci gaba da aikina.

A cikin wannan damina ce wani yaro ɗan layinmu ya kawo mini wayarsa, gilashinta ya tsage. Yaro mai kunya, irin wanda in ya hango ka daga nesa sai ya sauka daga keke ya gaishe ka. Na canza gilashin, na kunna data don in gwada ko ko'ina yana taɓuwa, sai saƙonni suka fara zubowa ba ƙaƙƙautawa. Ba ɗabi'ata ba ce leƙen wayar mutane, amma abin da ya hau kan fuskar waya ido ba ya iya kauce masa. Wani shafi ne da sunan bogi da hoton zaki, ana ta mayar masa da martani kan ashar ɗin da ya ɗura wa wani dattijo da suka saɓa a siyasa. Har iyayen mutumin bai bari ba.

Da ya dawo karɓar wayar na ja shi gefe.

"Kai ne mai zakin nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ai ba har zuci ba ne."

"To na mene ne?"

"Wallahi in na rubuta abin kirki, mutum biyu uku ne za su danna su wuce. In na caccaki wani kuwa, kafin la'asar wayar ta yi zafi. Kuma akwai mai tura mana data duk wata."

Na daɗe ina juya wannan amsa. Zagi ba baƙo ba ne a garin nan. Tun ina yaro nake jin sojojin baka a rediyo suna yi wa juna tatas da daddare, mata na habaici a gidan biki, mawaƙa na zambo. Amma a majalisa akwai dattijon da zai ce maka, "Kai, ya isa haka," kuma wanda ka zaga gobe da asuba kafaɗarka da tasa za su haɗu a sahu. A waya babu dattijo, babu sahu, kuma ga masu tafi.

A watan Oktoban shekarar wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta bayyana gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, kuma takardun da ta fitar suka nuna cewa tun 2017 tsarin kamfanin ya riƙa ba alamomin nan na fuska, har da ta fushi, maki ninki biyar a kan danna "like". Wato rubutun da ya harzuƙa jama'a shi ake turawa gaba, don mutane su daɗe a shafin a nuna musu talla. Na kai wa Maigida labarin ina ɗoki.

"To ai maganata ke nan," in ji shi.

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Maigida, ba su suka koya wa yaron nan ashar ba. A unguwa ya koya. Su dai sun gano tana kawo kuɗi ne, ɗan siyasa kuma ya gano tana da araha." Ranar ce ta farko da na taɓa mayar masa da magana. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce in je in sayo masa ruwan leda.

Watanni bakwai Twitter ya yi a rufe, sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe shi, kuma a tsawon lokacin ban ga bakin kowa ya gyaru ba, kowa ya kwashi kayansa ya koma Facebook da TikTok. Yaron nan ma bai daina ba. Wata Asabar ina cikin cire batirin wata Tecno sai ga mahaifinsa tsaye a kaina, wayar ɗan a hannunsa, bayansa kuma wani mutum riƙe da takardar sammaci. Yadda aka yi sunana ya shiga cikin maganar, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.