Zuwa ga masu karatu na gida: kafin ku danna "sauke" a kan littafin kyauta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu,

Muna gaishe ku daga nan ƙasar waje. Dalilin wannan wasiƙa shi ne tambayar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu son labaran almara, soyayya da rikicin iyali: ina ake samun littafi kyauta a waya? Ana samu, har sun fi ƙarfin karatun mutum ɗaya. Sai dai kyautar iri-iri ce, kuma wanda bai san wace iri ya riƙa ba shi ne ke ƙarewa da rabin littafi, ko data ta ƙone a banza, ko waya ta kamu da cuta.

Kyautar da ba ta da wata ƙura ita ce ta littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suka zama na kowa. A Amurka tsohon littafi kan fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 95 da buga shi, a ƙasashe da dama kuma sai marubucin ya cika shekara 70 da rasuwa. Babbar taskar irin waɗannan ita ce Project Gutenberg, wadda Michael Hart ya fara a 1971, yanzu tana da littattafai sama da 70,000, ba rajista, ba katin banki. Standard Ebooks kuma sukan ɗauki irin waɗannan littattafan su tsefe kurakuran rubutu su gyara tsari. In littafi yana wurare biyun, ku ɗauki na Standard Ebooks, ya fi daɗin ido.

Mai son soyayya ya fara da Persuasion na Jane Austen, na 1817. Mutane sun fi ambaton Pride and Prejudice na 1813, amma Persuasion babi 24 ne kacal, Pride and Prejudice kuwa 61, kuma Turancin wancan zamanin yana son a saba da shi a hankali. Persuasion labarin budurwa ce da magabata suka sa ta rabu da wanda take so saboda ba shi da hali, sai ga shi ya dawo bayan shekara takwas da abin hannunsa. A ganinmu babu wanda zai karanta shi bai ga wani nasa a ciki ba.

A ɓangaren iyali akwai Little Women na Louisa May Alcott, a nan kuma sai an kula. Kashi biyu ne, na 1868 da na 1869, kuma a Ingila an buga na biyun da wani suna daban, Good Wives. Da kun buɗe fayil ɗin ku duba jerin babi: in ya tsaya a 23, rabi kuka samu, cikakken babi 47 ne.

Masu son almara su nemi The Princess and the Goblin na George MacDonald, na 1872, yana da sauƙin harshe. Labaran Dare Dubu da Ɗaya ma suna nan da Turanci, amma a duba sunan wanda ya shirya. Na Andrew Lang na 1898 an tace shi, ana iya miƙa wa yaro. Fassarar Richard Burton ta 1885 kuwa Turancinta da nauyi, ga bayanan da ba na yara ba. Abin da ba za ku samu kyauta ta halal ba shi ne littattafan Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, domin ya rasu a 1973, haƙƙinsu na nan daram a ƙasashen da ke bin ƙa'idar shekara 70. Duk shafin da ya ce ga su kyauta, kayan sata ne.

To, ga inda aka fi yin kuskure: nau'in fayil. Yawanci an saba da PDF, alhali ba don waya aka yi shi ba. PDF hoton shafi ne da aka daskarar, shi ya sa kake ta jan rubutu dama da hagu da yatsu biyu. EPUB kuwa rubutun ne ke bin girman fuskar wayarka, ka ƙara girman harafi layuka su sake jeruwa da kansu. A shafin kowane littafi a Gutenberg akwai jerin zaɓi, ku ɗauki EPUB, in data ta yi ƙaranci ku ɗauki wanda aka rubuta ba hotuna, wanda galibi bai kai megabait ɗaya ba. PDF ɗin da aka ɗauko da na'urar sikan yana iya cin megabait gommai, kuma sau da yawa ba a iya neman kalma a cikinsa. Sai ku buɗe da manhajar karatu irin ReadEra ko Google Play Books. Mai Kindle, na'urar karatu ta Amazon, ya tura EPUB ɗin ta Send to Kindle. A kwamfuta, manhajar Calibre na juya fayil daga wani nau'i zuwa wani kyauta, amma kada ku sa rai da juya PDF zuwa EPUB, layuka kan karye a tsakiyar jimla, lambar shafi ta shige cikin labari. Idan kuma littafin Hausa ne kuka ga ƙ, ɗ da ɓ sun koma akwatuna, yawanci fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, salon harafin ne bai ɗauke su ba. A canza shi a saitin manhajar.

Kyauta ta biyu ita ce ta talla. Marubutan zamani, musamman na almara da soyayya, kan saki littafi na ɗaya a jere kyauta a shagunan intanet na Amazon ko Kobo, don in ya kama ka ka sayi sauran. Wannan ba yaudara ba ce, sana'a ce, amma ku shiga da ido biyu. Ku duba ko jeren littafi nawa ne, kuma ku karanta sharhin masu karatu ko labarin ya tsaya ne a daidai inda ya yi daɗi. Ku tabbata farashin da ke jikin maɓallin saye sifiri ne, domin wanda aka ce kyauta ne ta Kindle Unlimited biyan wata-wata ne, gwajinsa kuma yakan fara cire kuɗi da kansa in ba a soke ba. Rangwamen yakan danganta da ƙasar da aka yi rajistar asusu, kuma yakan ƙare cikin 'yan kwanaki. A Wattpad, inda marubutan Hausa ma suke da yawa, ku duba alamar an kammala da ranar da aka sa babin ƙarshe kafin ku ba labari zuciyarku.

Ta uku aro ce. Shafin Open Library na ba da aron littafi na ɗan lokaci, wa'adi na cika ya rufe kansa. Tun bayan hukuncin da wata kotun Amurka ta yanke a 2023 a ƙarar da kamfanonin buga littattafai suka shigar, an cire littattafai masu yawa daga can.

Sai wadda muke roƙon ku guje wa. Shafin da ke da maɓallin saukewa uku ko huɗu, ko ya nemi lambar katinku "don tantancewa", a bar shi. Sunan fayil ɗin littafi yakan ƙare ne da epub, pdf ko txt. In sunan fayil ya ƙare da apk ko exe, manhaja ce, kada a buɗe, a goge nan take. Littafin marubucin da ke raye da ake yawo da shi ba da izininsa ba kuwa guminsa ne ake rabawa, kuma mai yiwuwa shi ne dalilin da littafi na biyu da kuke jira bai fito ba.

Ku huta lafiya.

Naku,
'yan uwanku masu karatu a ƙasar waje