Haƙori 37 a gaba, 39 a baya: yadda na sa wa Hilux aksil ɗin Land Cruiser

Ranar da na tabbatar aksil ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba biyu, ya gama aiki, ina dawowa ne daga wani ƙauye a bayan Maigatari da lodin riɗi. Na tsaya sallar la'asar, na tsuguna ina alwala a gaban motar, sai na ɗaga kai na ga tayoyin gaba sun yi gwame, samansu ya karkato ciki kamar ƙafafun tsohon jaki. A bayan tayar dama kuwa wani baƙin kunu ne ke tsiyaya, man giya ya gauraye da giris.

Motar Hilux ce a-kori-kura, samfurin LN106 mai injin dizal 3L, lita 2.8, irin waɗanda Toyota ta yi daga 1988 zuwa 1997, masu aksil guda sanƙameme a gaba, sifirin zaune a kansa. Ba na ganin laifin masu ƙira. Ni ne na sa aka yi mata kariya, wato ragar ƙarfe ta ɗora kaya, a saman kan direba ina ɗaure buhuna a kai, kuma duk nauyin nan a gaba yake sauka. Ka haɗa wannan da kwazazzaban damina, ka ga abin da zai biyo baya.

Sau biyu muna gasa ƙarfen da wuta mu miƙe shi da jak. Kowane karo sabon oyil sil ba ya kai wata biyu, domin sandar cikin aksil da ke juya taya ta daina tafiya a tsakiya, gefe guda take ci. A karo na uku bakanikena, dattijon da muke kira Baba, ya ajiye sifana ya ce, "Alhaji, ƙarfen nan ya gaji. Ko ka rage lodi, ko ka nemo wanda ya fi shi." Kowa ya san wanda na zaɓa.

Mako biyu ina zarya a Ƙofar Ruwa kafin na samu aksil ɗin gaba na Land Cruiser 60, wadda aka fara ƙerawa a 1980. Abin da ya ja mu gare shi: babban faifan haƙoran da kanikawa ke kira kiraun, wanda ke cikin tulunsa, wato kumburin da ke jikin aksil, faɗinsa inci tara da rabi ne, na Hilux kuwa inci takwas. Noti shida ne kamar nawa, don haka tayoyina za su hau. Tulun ma a ɓangaren dama yake, daidai inda furofelar gaba, sandar da ke kawo juyi daga giya, ke saukowa. Mutum huɗu ne suka ɗora shi a mota, suna nishi.

Ban yarda a ɗaura shi yadda ya zo ba. Mun warware shi kaf a kan tabarmar buhu, kuma a nan na koyi haƙuri. Akwai wasu 'yan washa masu siffar mazurari da ke riƙe hob, wato cibiyar taya, shida a kowace ƙafa. Yaron gareji ya ɗauko sukundireba zai ɓanɓare su, Baba ya daka masa tsawa. Ya sassauta notin har ya zo daidai kan kusar, ya ɗora guntun tagulla, ya buga sau biyu da guduma, sai ga washa ta yi tsalle da kanta. Babban notin boris kuwa soket mai lamba 54 yake so. A tsohon aksil ɗina da kurfi da guduma aka riƙa kwance shi shekara da shekaru, har ya koma kamar ɓera ya gaigaye shi.

Da muka kai ga gwiwa, wato ƙwallon ƙarfen da taya ke juyawa a kansa in an karya sitiyari, sai muka tarar boris ɗin sama da na ƙasa sun yi gurbi. Muka sa sababbi. A ƙarƙashin murfin kowanne akwai siraran faranti kamar takarda. Baba ya ɗaure na sama daban, na ƙasa daban, da zare, ya rataye a ƙusa. Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Ya ce, "Su ne ke tsayar da sanda a tsakiya. Ka cakuɗa su, ka dawo mini da kunun nan kafin girbi." Da ya haɗa, sai ya aika aka aro sikelin rataye a wurin wani mai nama, ya maƙala ƙugiyar a ramin hannun ƙarfen da ke haɗa gwiwar da sitiyari yana ja a hankali. Ya ƙara faranti, ya rage, har sau huɗu, sai da allurar ta tsaya a kilo huɗu da 'yan kai lokacin da gwiwar ta fara motsi. Mai naman na tsaye yana kallonmu kamar waɗanda suka zautu.

Wani abu da ya ɗan sage mini gwiwa: mahaɗin da ke cikin gwiwar, mai ƙwallaye shida, kusan girmansa ɗaya da na Hilux. Ashe ƙarin ƙarfin da na saya yana cikin bututu da tulu ne, ba a ko'ina ba. Muka wanke shi da kananzir, muka cika shi da baƙin giris.

Sai walda. A Land Cruiser 60 sifirin a ƙarƙashin aksil yake, a Hilux kuwa a samansa, kuma tazararsu ba ɗaya ba ce. Dole aka yanke mazaunan aka yi sababbi a sama. Mai walda ya so ya ɗaga bakin tulun sama don furofela ta miƙe sosai. Baba ya hana. Ya ce in ka juya aksil haka, gwiwoyin ma sun juya, sitiyari zai daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a titi kamar akuyar da ta tsinke. Aka ɗiga walda kaɗan-kaɗan, aka sauke motar a kan ƙafafunta, aka auna daga kowane gefe da igiya, sannan aka kammala waldar gaba ɗaya, nan kaɗan can kaɗan don kada zafi ya lanƙwasa bututun. Tayarod, sandar da ke haɗa tayoyin gaba su karya tare, sai da aka nemo mai tsawo, aka gyara furofela, aka sake tiyon birki. Wannan duk aikin yini biyu ne.

Na fita gwaji a kwalta, mota lafiya lau, sitiyari kamar sabo. Na sauka kan burji mai tauri, na kulle hob, na ja ƙaramar liba na haɗa ƙafa huɗu. Ban yi taku ashirin ba motar ta fara gurnani tana tutsu, gaba na ja, baya na turjewa, tayoyi na kartar ƙasa. Na taka birki. Libar ta ƙi fita, sai da muka ɗaga ƙafa ɗaya da jak, tayar ta yi wani fizgo, sannan ta saki.

Baba bai ce komai ba. Ya sa aka buɗe tulun gaba, ya ɗauko alli ya ba ni, ya ce, "Ƙirga." Kiraun haƙori 37, finiyon, ƙaramin da ke juya shi, haƙori 9. Muka buɗe na baya: 39 da 8. Ka raba, na gaba 4.11, na baya 4.88. Ma'ana, in furofela biyun suna juyi ɗaya, tayoyin gaba suna neman su riga na baya da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga shi kuma an ɗaure su da ƙarfe babu mai sakin wani. Da a rairayi na gwada, da tayoyin sun riƙa zamewa ban gane da wuri ba, har sai wani abu ya fashe a daji. Abin da ya fi ba ni haushi, tulun nan ya kwana uku a buɗe a kan tabarma, muna ta duba ko haƙoran sun ci, babu wanda ya ƙirga su. Baba ya ce laifinsa ne, na ce nawa ne tunda ni na sayo. Ko a kasuwa ma da na yi wa taya da furofela alama da alli na juya, da na sani.

Hanya biyu ce: a nemo haƙoran 4.88 na babban tulu, ko a sauya na baya. Na farkon ban same shi kusa ba, aljihu kuma ya riga ya yi sanyi. Muka samo tulun baya na Hilux mai haƙori 41 da 10, wato 4.10, wanda ya yi daidai da 4.11 har ba a jin bambanci. Rabin yini aka ɗaura shi.

Amma na biya ta wata hanyar. Injin 3L da ma ba jarumi ba ne, yanzu kuma in na cika lodi tashi sai da lallashi, tudun da nake hawa da giya ta biyu ya koma ta ɗaya, kuloci na shan wahala. Allurar gudu ta koma maƙaryaciya: in ta nuna 80, ina kusa da 95. Tulun gaba ya fi tsohon saukowa ƙasa, don haka a hanyar yashi mai zurfin sawu yana sharar tsakiya. Aksil ɗin ya fi tsohon faɗi da wajen inci uku, tayoyi sun leƙo waje, da damina har gilashin ƙofa suke watso taɓo. A kwalta dai injin ya rage ihu, wannan kam na ji daɗinsa.

Damina biyu ke nan tayoyin suna tsaye cak, bayan ƙafafun a bushe. Tsohon aksil ɗin wani manomi ya saye shi zai yi amalanken shanu. Makon jiya ina wanke motar na ga wani siririn layin tsatsa a jikin shasi, daidai inda kunnen sifirin na dama ke riƙe. Na kankare da wuƙa, tsagewa ce, tsawon ɗan yatsa. Na nuna wa Baba, ya shafa da babban yatsa, ya ɗaga kai ya dubi kariyar da ke saman motar, ya ce in kawo ta ranar Asabar da sassafe, kuma in taho da mai yankan ƙarfe.