Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Langar Sallar farko a gidan miji

A makon jiya na tsaya inda aka kawo ni ɗakina a unguwar Bagalam, cikin garin Maraɗi. Wata uku da tarewata, cikin Janairun 1994, aka karya darajar sefa. Na ji maigida da abokansa suna ta maganar a bakin ƙofa wajen shan shayi, wai faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Ban ɗauke shi abin da ya shafe ni ba, sai da azumi ya kama a watan Fabrairu, fulawa da sukari da madarar gwangwani suka yi tashin gwauron zabo.

A danginmu amarya ba ta bari Sallarta ta farko ta wuce ba ta aika wa uwar miji kayan soye ba. Yayyena duk sun cika langa da cincin da dubulan a lokacinsu. Ni kuwa jika biyu, wato sefa 2,000, gare ni ƙulle a bakin zane. Ana saura kwana huɗu Sallah na aiki ƙanen maigida Babbar Kasuwa, ya dawo mini da fulawar da ko rabin langa ba za ta cika ba. Na zauna bakin murhu ina hawaye da azumi a bakina, haka Gwaggo ta tarar da ni, ta taso daga unguwar Mokoyo da ƙafa.

"Ke ƴar nan, wa ya mutu?"

"Gwaggo, fulawar ce ba ta isa."

Ta ɗaga ledar ta auna ta a hannu ta ajiye. "A Maraɗi kike kukan fulawa? Garin gyaɗa? Tashi ki wanke fuskarki."

Gwaggo ta ga zamanin da ake loda buhunan gyaɗa a manyan motoci zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko, kafin farin 1973 ya durƙusar da cinikin. A wurinta gyaɗa ba abincin talaka ba ce, ita ta gina garin. Ta karɓi ragowar kuɗin ta aika aka sayo tiya guda ta gyaɗa, da riɗi, da aya irin wadda ake nomawa wajen Cadawa, da ɗan dabino busasshe. Sukarin kuwa muka raba shi kashi uku, tana ƙirga shi da ludayi kamar mai rabon gado.

Bayan an sha ruwa muka fara da gyaɗa. Awo biyu na ɗanyar gyaɗa da jan ɓawonta, awo ɗaya na sukari, ruwa rabin awo, duka a tukunya guda. Aka ba ni muciya. Ruwan ya tafasa ya yi kauri, can sai ya ƙafe, sukarin ya koma fari kamar rairayin Gulbi ya bi jikin gyaɗar. Na zaci an gama, Gwaggo ta ce yanzu aka fara. A nan ake janye itace a bar garwashi, a ci gaba da juyawa har farin nan ya sake narkewa ya yi ja yana ƙyalli. Ni da zumuɗi na ƙara iccen. Kafin in ankara ƙauri ya cika gidan, gindin tukunyar ya yi baƙi, gyaɗar ta yi ɗaci. Har yau idan na ji ƙaurin sukari gabana faɗuwa yake. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya a hasken fitilar ƙwai, ta ce: "Sukari ba ya son mai gaggawa. Ki saurari tukunyar, in ta daina ƙara ta fara ƙas-ƙas, janye wuta." Zubi na biyu ya fito kamar murjani.

Riɗin shi ya fi cin rai. Sai an rairaye shi a ruwa sau da yawa, don tsakuwa guda a haƙorin suruka ta isa ta ɓata sunan amarya. Aka shanya, aka soya shi ba mai har ya fara tsalle, aka zuba cikin narkakken sukari, muka baza a faranti da aka shafa wa man gyaɗa, muka murje da kwalba. Da zafinsa ake yanka kantu, in ya huce sai dai a fasa. Muka yanka shi ƙanana, kamar kan yatsa. Ayar aka soya cikin yashi mai zafi aka tankaɗe. Fulawar nan da na raina muka yi cincin da ita, sirara ƙwarai, don ya yi yawa a ido. Dabinon muka cire ƙwallonsa muka tsaga gida huɗu.

Na so in haɗa su a daren nan, ta riƙe hannuna. Kowane sai ya kwana shi kaɗai ya huce, in ba haka ba tururin wani ya sa wani ya yi laushi. Ta zagaye farantan da toka saboda kiyashi.

Da safe muka juye su duka a babbar roba, ta sa hannu biyu ta gauraya daga ƙasa. Ja da fari da ruwan ƙasa, langa ta cika har murfi ya ƙi rufuwa, sai da muka ɗora faifai muka ɗaure da sabon kallabi.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga Idi, ƙanwata ta ɗauka a ka ta kai. Na kasa cin tuwon Sallah ina jiran ta. Ta dawo da tukwicin dala ashirin, wato sefa 100, da turmin atamfa, ta ce Hajiya, uwar mijina, ta ɗiba ta tauna, ta yi shiru, ta sake ɗiba, sannan ta kulle langar a ɗakinta ta ce wannan ba na yara ba ne. Da la'asar sai ga aike daga maƙwabciyar Hajiya, wai za ta aurar da ƴarta bayan Babbar Sallah, nawa zan yi mata langa biyar?

Ban taɓa sayar da ko allura ba, kuma ban san yadda zan tunkari maigida da maganar sana'a ba. Yadda muka kwashe da shi a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.