Lissafin kwanakin da jini ya zauna daidai

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon zuciya, kuma yawancin waɗanda nake gani suna shan warfarin, maganin tsinka jini, saboda bugun zuciya marar tsari. A wannan ciwo ɗakunan sama na zuciya karkarwa suke yi maimakon su matse, sai jini ya kwanta ya yi guda, gudan ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Haɗarin ya kai kusan ninki biyar na mai lafiya. Warfarin na rage shi da kusan kashi biyu cikin uku, muddin gwajin INR, wanda ke auna yadda jini ya tsinke, ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ƙasa da haka kariya ta ragu. Sama da haka kuma sai haɓo, jinin dasashi, ko zubar jini ta ciki wadda ido ba ya gani.

Likitan sashenmu ya ɗora mini aikin tattara katunan shekara guda, in lissafa kwanakin da kowa ya yi a cikin wannan iyaka. Na bi hanyar da Rosendaal da abokan aikinsa suka wallafa a 1993: ana ɗauka cewa INR na tafiya a hankali daga gwaji zuwa gwaji. Idan yau 1.5 ne, bayan kwana 20 ya zama 2.5, to kwana 10 kawai za a rubuta wa mutum a matsayin masu kyau. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, na ɗaukar ƙasa da kashi 65 cikin ɗari na kwanakin a matsayin kulawar da ba ta gamsar ba.

Da na jera lambobin sai na ga abin da gwajin rana ɗaya ke ɓoyewa. Akwai wani dattijo da katinsa ke hawa da sauka kamar haƙoran zarto: 1.6, sai 3.9, sai 1.7. Duk wanda ya gan shi ranar da lamba ta faɗi sai ya ƙara masa magani, na gaba ya rage. Na zaunar da shi na ce, “Baba, a makon nan dare nawa maganin ya wuce ka?” Ya ɗan yi murmushi ya ce, “'Yata, uku ne, na yi tafiya na bar shi a gida.” Ashe adadin da aka rubuta masa tun farko daidai yake. Da an tambaye shi “kana sha?” cewa zai yi e, don kusan kowa e yake cewa. Tun daga nan na canza yadda nake tambaya. Warfarin kuma ba ya nuna aikinsa sai bayan kwanaki, don haka mai saurin taɓa adadi yana bin sawun abin da ya riga ya wuce ne.

Abu na biyu da ke jirkita lambar shi ne magungunan da ake ba mutum a wani wuri. Wata mata ta zo da tabon kwanciyar jini a hannuwa, INR ya haura 6, dalili kuwa metronidazole da aka ba ta don ciwon haƙori. Fluconazole da amiodarone ma suna ɗaga lambar, rifampicin na tarin fuka kuma yana kayar da ita ƙasa. Yanzu nakan ce su zo da duk abin da suke sha a leda, har da na gargajiya.

Maganar ganye kuwa an cika tsorata mutane da ita. Bitamin K da ke cikin ganye na rage ƙarfin warfarin, gaskiya ne, amma ba hana ci ake yi ba. Abin da ake so shi ne kada a ci da yawa wannan mako, a daina gaba ɗaya mako mai zuwa.

Waɗanda lissafinsu ya ƙi gyaruwa duk da ƙoƙari, likita ya mayar da wasunsu kan apixaban ko rivaroxaban, waɗanda ba sa buƙatar gwajin INR. Ban da masu bawul ɗin ƙarfe a zuciya da masu tsukewar bawul daga zazzaɓin gaɓoɓi. Binciken INVICTUS na 2022 ya nuna masu wannan tsukewa sun fi tsira idan suna shan irin su warfarin fiye da rivaroxaban, don haka su ne na ware wa katunansu aljihun tebur na daban, kuma su nake fara kira a waya idan ranar gwaji ta wuce ba su zo ba.