Ranar da na ba da aron yatsana

Shekara 22 ke nan ina tuƙi a Jidda, kuma sau ɗaya tak aka taɓa kira na ofishin 'yan sanda. Ba sata na yi ba, ba faɗa ba, ba kuma wani na buge da mota ba. A kan layin waya ne, layin da ko sau ɗaya ban taɓa sa shi a wayata ba. Ku ƙannena da 'ya'yana da kuke shigowa ƙasar nan yanzu, kowa da waya mai ido uku a aljihu, gara ku ji labarin daga bakina.

A shekarar 2016 hukumar sadarwa ta Saudiyya ta ce kowane layi sai an haɗa shi da yatsan mai shi, abin da muke kira basama. Wanda bai je ya dangwala ba, a rufe masa layi. Mu masu igama, wato takardar izinin zama, abin bai taɓa mu ba. Amma 'yan'uwanmu da suka zo Umra suka maƙale, da waɗanda aka haifa a nan ba a taɓa yi musu takarda ba, sai suka wayi gari ba hanyar kiran gida. Wani ɗan garinmu, wanda tsohuwarsa da tawa katanga ɗaya ta raba su a Katsina, ya tare ni a ƙofar masallaci bayan isha'i.

"Yaya, don girman Allah ka taimaka min da shariha, layin waya ɗaya. Inna ba lafiya, kwana tara ban ji muryarta ba."

To me zan ce? Washegari muka tafi wani ƙaramin shagon waya. Na ɗora yatsa a kan na'urar, mai shagon ya ce bai kama ba, in sake. Na sake. Ya ce in ƙara. Na ƙara, har ina ba shi haƙuri wai hannun direba ne, sitiyari ya cinye zanen. Ɗan'uwana ya karɓi layinsa yana ta sa min albarka, ni kuma na koma gida ina jin na yi aikin lada.

A 2017 aka yi afuwar nan ta masu zama ba izini, aka ce kowa ya fita salin-alin ba tara. Ɗan garin namu ya bi ayari ya koma gida. Layin kuwa ya bar wa abokin ɗakinsa, shi ma ya miƙa wa wani, wanin ya miƙa wa wani. Ni ban san ana yi ba. Sai a 2019, gab da aikin Hajji, aka kira ni. Ashe wani yana amfani da lambar yana karɓar kuɗin mutane da sunan zai samo musu tasrihi, wato takardar izinin aikin Hajji. Jami'in ya juyo min da allon kwamfuta, ga sunana, ga lambar igamata, ga hotona. Ya ce lambar nan tawa ce? Na ce da sunana take amma ba tawa ba ce. Ya dube ni kamar wanda ya ce masa ruwa ya jiƙa shi amma bai taɓa jikinsa ba.

Kwana 11 na yi ina safa da marwa. Kafilina, wato ubangidan da igamata ke ƙarƙashinsa, dattijon da na yi wa aiki shekara da shekaru ba mu taɓa sa-in-sa ba, shi ya zo ya tsaya min. A hanyar dawowa bai yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: da takardar da ba a rubuta komai a kanta ba aka kawo min, zan sa hannu? Wannan tambayar ta fi zagi ciwo. Allah ya rufa asiri aka kama ainihin mai aikin. A nan ne wani ya nuna min Arqami, wata hidima ta hukumar sadarwa da ke jero maka duk layukan da aka buɗe da lambar igamarka. Na duba, sai ga layi na uku, na biyan wata, da bashin riyal 1,900 a kansa. Sannan na gane abin da "bai kama ba, sake" take nufi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ba wauta ce ta kai ni ba, don ni ba yaro ba ne a lokacin. Kara ce. Mu Hausawa an raine mu a kan cewa ɗan'uwa ba ya roƙonka abin da kake da shi ka hana, kuma tarbiyya ce mai kyau, ita ta riƙe mu a ƙasar mutane. Sai dai a garinmu in ka ara wa mutum keke ya buge akuya, duk unguwa ta san wanda ke kan keken. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Sunan da ta gani shi ta sani. A ƙasar nan kuwa kusan komai ya koma cikin waya: Absher na riƙe da igamarka da bizar fita da dawowa da tarar hanya, Tawakkalna da aka fito da ita a 2020 lokacin korona ta kai sai ka nuna ta kafin ka shiga kanti, Nusuk ke ba ka izinin shiga Rauda, Nafath kuma ita ce ƙofar da kake tabbatar da cewa kai ne kai. Duk suna rataye da lambar wayarka. Wanda ka ara wa layi, sunanka ka ara masa. Haka wanda zai ce maka, "Za a turo min kuɗi, bari su shigo ta asusunka ka cire min, ga riyal 50 na shayi." Ba ka san kuɗin wa ba ne, amma ranar da aka biyo sawu ƙofarka za a buga.

Kuna tsammani daga nan na yi hankali. Ina fa.

A 2022 ina cikin cunkoson titin Madina aka kira ni. Larabci tas, murya a natse, ya ambaci cikakken sunana da lambar igamata. Ya ce daga banki ne, ba a sabunta bayanaina ba, za a rufe asusuna kafin la'asar. Ya ce in buɗe Nafath, zan ga lambobi, in danna wadda zai faɗa min. Na danna. Ya ce saƙo zai shigo da lambar sirri, in karanto masa. Na karanto. Kafin in kai fitilar gaba riyal 4,300 sun fita, kuɗin da nake tarawa na kayan ɗakin 'yata.

Ku lura da yadda abin yake aiki, don har gobe ana yi. Lambar da Nafath ke nuna maka, amsa ce ga buƙatar da aka shigar a wani shafi da sunanka. In ba kai ka buɗe shafin da hannunka ba, to wani ne a tsaye a ƙofar, kai kuma kana zare masa sakata. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, hukuma ma haka. In saƙon damfara ne ya shigo, ana tura shi zuwa 330330. In kira ne, ka kashe, ka nemi bankin da lambar da ke bayan katinka. Abin da ya ci ni a nan ƙanin kara ne, wato tsoron baƙo. Da mun ji Larabci mai kama da na ofis sai jiki ya mutu, ba abin da ke fita daga baki sai "na'am, hadir". 'Yan damfara sun san mu da wannan sarai.

Ina suka samu lambar igamata? Wa zan zarga? Ni da na tura hotonta gaba da baya a zaurukan WhatsApp na neman aiki sun fi a ƙirga, na tura wa dillalin ɗaki, na tura wa wani da ya ce zai sayar min da mota. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki gadan-gadan a watan Satumba na 2024 a ƙarƙashin SDAIA, hukumar kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira, kuma ta ba ka damar tambayar kamfani me zai yi da bayananka. Amma ba dokar da za ta bi hoton da kai da kanka ka jefa cikin taron mutum 300 ta dawo maka da shi.

Na wayar tsaraba ba zan ja shi ba. Na ba alhazai tsohuwar wayata su kai wa ɗan yayata, hotuna kawai na goge na ɗauka shi ke nan. Bayan sati yaron ya kira ni yana in-ina: "Kawu, hotunan Anti na gida suna ta dawowa, kuma saƙonninka suna shigo min." Ban fita daga asusun Google ba. Allah ya sa ɗan halak ne. Kafin waya ta bar hannunka, ko kyauta za ka ba da ita ko haraji, wato kasuwar gwanjo, za ka kai ta, ka fita daga kowane asusu, sannan ka wanke ta ta koma yadda ta fito daga kwali. Ku kuma masu sauke WhatsApp na jabu don ku ga saƙon da aka goge, ku sani ba ku san wanda ya ƙera shi ba, kuma duk hirarku ta hannunsa take bi. Ku sa lambar tabbaci ta biyu a na gaskiyar, minti ɗaya ne.

Sai maganar siyasa, wadda ko yanzu da nake rubuta ta sai da na karanta sau uku. Tun watan Yuli na 2017 aka sa wa baƙi kuɗin iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum, yana hawa har ya kai 400 a 2020. Wata rana raina a ɓace kan wannan kuɗi na ɗauki saƙon murya na minti huɗu na zuba a zauren 'yan garinmu, na faɗi ta faɗa da wadda ba ta faɗa ba. Na ce ai mu ya mu ne, kuma Hausa nake yi. Kwana uku tsakani wani da ban sani ba ya kira ni daga Madina yana ce min, "Malam, ka burge ni." Cikina ya ɗuri ruwa. Ba abin da ya biyo baya, amma na yi wata guda ina jin kowace mota da ta tsaya a ƙofar gida tawa ce.

Gaskiya ne tun 2016 WhatsApp na kulle saƙo daga waya zuwa waya, ba mai buɗewa a hanya. To amma wanda ka tura wa ai yana da mabuɗi, kuma yatsa ɗaya zai sa ya tura gaba. Matasa suna yawan tambayata labarin Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila. Na kan ce musu wannan tsadarta ta fi ƙarfin a ɓata ta a kan direba. Kai ka ji tsoron mutum na ɗari da tamanin a zaurenku, wanda ba ka san fuskarsa ba, ko wanda kuka yi rigimar bashi bara. Akwai manhajar Kollona Amn da kowa zai iya kai ƙara ta cikinta. Hausa kuma ba mafaka ba ce yanzu, waya ma tana fassara ta.

Dokar laifukan intanet ta 2007 ba ɓoyayya ba ce. Ɗaukar mutum hoto ko bidiyo ta hanyar da ta taɓa sirrinsa, ko ɓata masa suna, na iya kai wa ɗaurin shekara 1 da tarar riyal 500,000. Ku masu kunna TikTok kuna haska fuskokin matan mutane a kasuwa da harabar Harami, da ku nake. Abin da aka ɗauka ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko addini kuwa, har shekara 5 da riyal miliyan 3. In aka haɗa da dokar ta'addanci sai abin ya wuce nan. Salma al-Shehab, ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Leeds ta Ingila, ta zo hutu aka kama ta a 2021, a watan Agusta na 2022 aka yanke mata shekara 34 saboda rubuce-rubucenta a Twitter, daga baya aka rage, ta fito a Fabrairun 2025. Muhammad al-Ghamdi, malamin makaranta mai ritaya wanda mabiyansa ba su taka kara sun karya ba, hukuncin kisa aka yanke masa a 2023 kafin a mayar da shi shekara 30. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun yi ta suka. Waɗannan fa 'yan ƙasa ne, balle kai da kake raɓa. Sunan bogi ma kada ya ruɗe ka: a 2022 wata kotu a Amurka ta kama wani tsohon ma'aikacin Twitter, Ahmad Abouammo, da laifin miƙa bayanan masu amfani da shafin ga jami'an Saudiyya.

Ban ce ku zama kurame ba. A zaɓen 2023 na gida ni ma na yi ta musu har murya ta dushe, kuma ina ganin haƙƙina ne. Ko can ɗin ma ai an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Abin da na koya shi ne in tambayi kaina a ƙasar wa nake tsaye kafin in danna, kuma in ba zan iya faɗin magana a gaban masallaci da lasifika ba, ba na sa ta a zaure.

Sabon abin da ya shigo yanzu shi ne kwaikwayon murya. Da ɗan guntun saƙonka, manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta iya yin magana da muryarka, ta ce an kama ka a turo kuɗi. Ni da tsohuwata da mai ɗakina mun yi yarjejeniya: duk wanda ya kira da muryata yana neman kuɗi, a tambaye shi sunan da kakata take kira na da shi. Ban taɓa rubuta sunan a ko'ina ba, kuma nan ma ba zan rubuta ba.

Watan jiya wani yaro, jikan aminin mahaifina, ya same ni a ƙofar masallacin nan dai. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baba, layi nake so, na ji an ce kai ba ka hana ɗan'uwa." Na ji tsohuwar karar ta taso min har wuya. Na ce masa yatsana ba ya aruwa, amma ga wayata, duk daren da yake son jin muryar uwarsa ya zo ɗakina ya kira, ko awa ɗaya zai yi. Ya tashi ba sallama. Juma'a biyu yana ganina yana kau da kai. A ta uku ya ƙwanƙwasa ƙofa bayan isha'i, na miƙa masa wayar, na ɗauki buta na fita tsakar gida.