Kawu ya ce a goge

Talata. Sanyi ya sauko sosai, sai da na ɗora ruwan zafi kafin yaran su yarda su yi alwala. Mai keke ya sake ƙara kuɗi daga Angwan Rogo zuwa Terminus, ban ma tsaya gardama ba. Dankali dai ya yi araha a Farin Gada, na cika wa Inna buhunta, har da gyara.

Da la'asar na biya ta Gangare in kai wa Kawu maganin hawan jininsa. Tun daga zaure nake jin muryarsa, yana waya da Auta, yaronmu da ke jami'a.

Ashe rubutun da yaron ya yi a Facebook ranar Asabar ne ya jawo. Na karanta tun a ranar, ba zagi a ciki, bai kama sunan kowa ba. Cewa ya yi an ƙara musu kuɗin rajista amma ɗakin gwaje-gwajensu ba ruwa ba wuta, kuma akwai malamin da in ba ka sayi takardun darasinsa ba, to ka san makomarka a jarrabawa. Jiya aka kira shi ofishin shugaban sashe. Ba wanda ya ce ya goge. An dai tuna masa cewa ajin ƙarshe yake, kuma har yanzu ba a sa hannu a furojet ɗinsa ba.

"Ka goge shi yanzu-yanzu, ina kan layi," in ji Kawu. "Ka karɓi takardarka tukuna. In ka fito, ka rubuta littafi guda ma."

Kawu fa! Mutumin da ya rene mu da labaran Samaru, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A bakinsa na fara jin sunan Dakta Yusufu Bala Usman, da yadda ɗalibai daga wasu sassan ke cika aji don su saurare shi, da yadda gwamnatin soja ta sallame shi a 1989 kotu ta mayar da shi bakin aiki. A bakinsa na ji labarin Patrick Wilmot, malamin nan haifaffen Jamaika da aka ɗauke a 1988 aka sa a jirgi sai Landan. Kullum da dariyar takaici yake tuna zargin da aka yi wa malaman Zariya a zamanin Babangida, wai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba.

Da ya ajiye wayar na ce, "Kawu, ashe ba ku ne kuke ba mu labarin Mayun 1986 ba? Ku da kuka fito zanga-zanga?"

Ya daɗe yana jujjuya kwalin maganin. Sannan ya ce, "Shi ya sa. Ke labari kika ji, ni ina wurin aka harbe ɗalibai." Na yi shiru. Ya ƙara da cewa a zamaninsu in an taɓa ɗalibi akwai malaman da za su tsaya masa, akwai ƙungiyar ɗalibai mai haƙora. "Yanzu wa zai tsaya wa Auta? Ke?"

Wannan "ke" ɗin ce ta biyo ni har gida.

Ni dai ban taɓa zagin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ba, ko a yajin aikinsu na 2022 da Auta ya zauna gida daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba yana taya Maigida zaman shago. Na san gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar 2009 da ƙungiyar ta yi ta jan ƙafa. Na san gine-ginen da ake gani da tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jami'o'i, asalinsu harajin ilimi ne da malaman suka ƙwato da gwagwarmayar 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancin ƙungiyar. Da suka ce IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, na tauye wa jami'a cin gashin kanta, na ga hujjarsu. Malamai 49 da aka kora a Jami'ar Ilori a 2001 ma sai a 2009 Kotun Ƙoli ta wanke su, shekara takwas mutum na yawon kotu. Sun san ɗacin a rufe wa mutum baki.

To abin da ke ci min rai shi ne, 'yancin nan da ake nema, a ina yake tsayawa? Kamar iyakarsa ƙofar ofishin malami. Duk lokacin da aka tashi maganar gyaran jami'a, kuɗi ne, albashi ne, wa zai naɗa shugaban jami'a. Duk gaskiya ne. Amma ba na jin ana ɗaga murya haka a kan inda ɗalibi zai kai kuka ba tare da kukan ya faɗa teburin mai duba takardarsa ba. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba kowa damar faɗin albarkacin bakinsa, amma sashe na 39 ba ya sa hannu a furojet. Yaran nan kuma sun ga abin da ya sami ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse a ƙarshen 2022, da aka kwashe shi zuwa Abuja a kan rubutu ɗaya a Twitter. Ba sai an yi musu tsawa ba, su da kansu suke auna kowace kalma.

Ban ga laifin Kawu ba, shi ya biya rabin kuɗin rajistar nan daga fanshonsa. Amma na so a ce ya fara tambayar yaron ko abin da ya rubuta gaskiya ne. Bai tambaya ba. Ya san amsar.

Tuwon dare ya yi ruwa. An ɗauke wuta ana kiran isha'i. Maigida ya ce in daina sa kaina a uku, wai kowa ya bi ta nan ya fita, shi ma sai da ya sayi littafin malaminsa har kwafi biyu. Dariya yake yi, ni ban taya shi ba.

Wajen goma saƙon Auta ya shigo: "Anti, ban goge ba, na dai mayar da shi abokai kawai. Ai 'yan ajinmu sun riga sun ɗauki hotonsa, yana yawo a WhatsApp. Don Allah kar ki gaya wa Kawu."

Jibi kuma ni ce zan raka Kawu asibiti a auna jininsa, na san kafin mu kai bakin titi zai tambaye ni.