Ginin tukwane da hannu: abin da nake fara koya wa sabon shiga

Ina da ƙaramar masana'anta ta ginin tukwane, inda muke aiki da hannu zalla ba tare da injin juyi ba, kuma ban da ma'aikatan da muke tare, ba a rasa masu koyo a wurin. Kusan duk wanda ya zo koyo, abin da yake ɗoki shi ne ya ga tukunya tana tashi a tsakanin tafukansa tun ranar farko. Ni kuwa ba na fara masa da gini, domin abin da sana'ar ta nuna mini shi ne yawancin tukwanen da ke fashewa a wuta, tun wajen kwaɓi da shanya aka lalata su, wutar dai ta fito da aibin fili ne kawai.

Aikin farko shi ne sanin yumɓu. Nakan ba mai koyo ɗan curi ya jiƙa, ya murza shi ya yi kaurin yatsa, sannan ya lanƙwasa shi ya zagaye yatsansa. Idan ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba, yana da danƙon da ake bukata, idan kuwa ya gutsure to yashi ya yi masa yawa. Bayan wannan sai gwajin tsukewa: a faɗaɗa yumɓun kamar ƙaramin allo, a ja layi mai tsawon santimita 10 a kansa, a bar shi ya bushe, a gasa, a sake aunawa. Yawancin yumɓu yakan tsuke da abin da ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin bushewa da gashi, kuma wanda bai san tsukewar nasa ba, ba zai iya yi wa tukunya murfin da zai zauna daidai ba.

Yumɓu mai danƙo sosai yana da daɗin riƙo a hannu, amma shi ne ya fi saurin tsagewa, saboda haka muke gauraya shi da dakakken tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane da aka daka aka tankaɗe, ko kuma yashi mai ɗan kaushi. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba zai sake tsukewa ba, don haka yana rage jan da jikin tukunya ke yi, yana kuma buɗe ƙananan hanyoyin da danshi zai bi ya fita. A wurinmu mukan fara da kashi ɗaya na tsingaro cikin kashi huɗu na haɗin, daga nan a ƙara ko a rage gwargwadon yadda yumɓun ya nuna hali. Dole kuma a tsince tsakuwa da saiwoyi, musamman farin dutsen nan mai alli, domin idan ya gasu a cikin bango yakan sha danshin iska daga baya ya kumbura, ya ɓalle jikin tukunyar bayan ta riga ta isa hannun mai saye. Sannan a cuɗe haɗin sosai har laushinsa ya zama ɗaya ko'ina, a rufe shi ya kwana biyu kafin a taɓa.

Abin da mai koyo zai fara ginawa ƙaramin kasko ne, daga curin da bai wuce cikin tafi ba. Zai dasa babban yatsa a tsakiya, ya riƙa matsawa yana juyawa a hankali, tun daga gindi har zuwa baki. Ina sa shi ya yi da yawa, sannan in ɗauki zare in raba kowanne gida biyu a gabansa, don ya ga kaurin bangon da idonsa. A nan ne yake ganin gindin ya yi kauri ninki uku na bakin, alhali yatsunsa sun gaya masa daidai ne. Wasu sukan ji zafin ganin an yanka aikinsu, kuma ina fahimtar hakan, sai dai ban san wata hanya da ta fi wannan saurin koya wa yatsa aune ba. Bango mai kauri a nan da siranta a can ba ya bushewa tare, wurin da ya riga bushewa yana jan wanda bai bushe ba, daga nan tsaga ke farawa.

Sai bayan hannu ya faɗa muke shiga ginin igiya, wanda da shi ake tayar da tulu da randa. Ana murza yumɓu ya yi tsawo, a ɗora shi a kan bangon da aka fara, a danne shi ciki da waje har sai alamar haɗin ta ɓace, hannu ɗaya yana tare daga waje yayin da ɗayan ke aiki daga ciki. Igiyar da aka ɗora ba a narkar da ita cikin ta ƙasa ba, za ta rabu a daidai wannan layin ko da an lulluɓe wajen da santsi. Haka kuma ba a tayar da babbar tukunya a zama ɗaya. Idan an kai tsakiyarta, sai a dakata ƙasan ya ɗan yi ƙarfi yadda zai ɗauki nauyi, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya bushe, sannan a dawo a ɗora kafaɗa da wuya. Kayan aikin ba su da yawa: 'yar sakaina ta kankare ciki, katako mai faɗi na bugun waje, tsumma na gyaran baki, da dutse mai santsi na goga lokacin da jikin ya yi tauri amma da sauran danshi.

Masu koyo sukan tambaye ni ko wannan hanya ba ta tsufa ba, tunda akwai inji. Amsata ita ce ta tsufa ƙwarai, kuma har yau tana aiki. An tono gutsattsarin tukwane a wani kogo a lardin Jiangxi na ƙasar Sin da aka ƙiyasta shekarunsu sun kai kusan 20,000, tun kafin a san wata na'urar juyi. A zamanin nan ma, Ladi Kwali, shahararriyar maginar tukwanen nan ta Nijeriya, wadda ta koyi gini da hannu tun tana yarinya a wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew, wani maginin tukwane Baturen Ingila, a 1954, ta koyi aiki da na'ura, amma manyan tukwanen ruwan da ta gina da hannu su ne suka fitar da sunanta a Turai da Amurka. Inji ya fi sauri wajen ƙananan kaya masu kama ɗaya, wannan ba na musu a kai, amma babbar randa mai bango siriri da ke jure wuta, hannu da haɗin tsingaro sun fi dacewa da ita.

Shanya ita ce inda haƙurin mai koyo ke ƙarewa. A inuwa ake farawa, nesa da iska mai kaɗawa, ana juya tukunyar, idan bakin ya yi ƙarfi a kifa ta don gindin ya samu iska. Ƙaramin kasko na iya bushewa cikin mako guda, babbar randa kuwa takan ci makonni, musamman idan iska na da laima. Nakan ce wa mai koyo ya ɗora tukunyar a kuncinsa: idan ya ji sanyi, da sauran ruwa a ciki. Ruwan da ya rage yana zama tururi a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, idan bai samu hanyar fita ba sai ya tarwatsa bangon, ya kuma fasa na kusa da shi. Shi ya sa ranar gashi muke jera tukwane kusa da ƙaramar wuta, muna juya su har su yi zafin da hannu ba zai riƙe ba, kafin a tara su a lulluɓe da kirare da busasshiyar ciyawa.

Gashin fili yakan kai digiri 600 zuwa 900. Tsakanin 450 da 600 ne ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun kansa yake fita, kuma daga nan tukunya ba za ta sake narkewa ta koma laka ba ko ta kwana a ruwa. A digiri 573 ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi yakan kumbura farat ɗaya, ya kuma tsuke a daidai wannan zafin idan ana hucewa, saboda haka ba na yarda a yaye toka da wuri don ɗokin gani. Jan launi daga ƙarfen da ke cikin ƙasar yake zuwa idan iska ta wadata, baƙi kuwa daga hayaƙi idan an toshe iska.

Bayan sun huce nakan ƙwanƙwasa kowace ɗaya da kaina. Mai lafiya tana da amo mai tsawo, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa muryarta a dushe take, kuma irin wannan ba ta fita daga wurina da sunan lafiyayya, ko da ido bai ga komai ba. Ta ruwa sai an cika ta ta kwana. Ɗan tsattsafo a jiki ba aibi ba ne, shi ne ma yake sanyaya ruwan yayin da yake bin iska, amma ɗiga daga wuri ɗaya tsaga ce. Masu saye sukan nemi a shafa wa tukunya abin ƙyalli, ni kuma ba na yi, domin yawancin tsofaffin haɗin da ke narkewa a ƙaramar wuta irin tamu suna ɗauke da dalma, wadda guba ce idan ta shiga abin sha. Gogar dutse ta wadatar. Idan kuma aka ba mu aikin adadi mai yawa, nakan gina fiye da abin da aka nema saboda asarar wuta, kuma ba na yanke ranar bayarwa sai na duba yanayin iska na ƙiyasta kwanakin da shanya za ta ci.